Ɗan Manomi a Legas, Yana Sayen Ganyen Miya

A gidan hayar da nake zaune a Agege akwai wata dattijuwa mutuniyar ƙasar Katsina wadda kowa a gidan yake kira Inna, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu. A ɗan lungun da ke tsakanin bangon ɗakinta da katangar maƙwabta, wurin da faɗinsa bai kai a shimfiɗa tabarma biyu ba, ta jera tsofaffin buhunan shinkafa guda shida da wasu jarkoki da aka yanke wa kai, ta cika su da ƙasa da kashin awaki, ta shuka alayyafo da yakuwa da lalo da ɗan attarugu. Ranar da na fara tsayawa ina kallon wurin sai ta ce da ni, “Malam, kai ma ai ɗan manomi ne, to ina naka?” Na yi dariya na ce, “Inna, ai nan Legas ce, ba gida ba.” Ba ta tanka ba, ta ci gaba da tsinkar ganyenta, amma amsar da na ba ta ta daɗe tana damuna, domin da na zauna na auna ta sai na ga babu hujja a cikinta, wani tunani ne kawai da na gada daga waɗanda suka riga ni zuwa garin nan.

Tunanin shi ne na ɗan ci-rani. Mutum ya sauka a Legas da niyyar ya yi 'yan watanni ya tara abin da ya tara ya koma, saboda haka ba ya dasa komai, ba ya gyara komai, ba ya sayen abin da ba zai shiga jaka ba. Wannan daidai ne ga wanda da gaske zai koma gona idan ruwa ya sauka. Matsalar ita ce da yawanmu mun daina zama 'yan ci-rani tun tuni, tunanin ne kawai bai sake mu ba. Hausawa suna cikin Ikko tun kafin a haɗa Najeriya a 1914, akwai su cikin sojojin Glover, gwamnan Turawa na Legas, a shekarun 1860, kuma bayan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912 fataucin goro ya ƙara cika zangon Agege da mutanenmu. A yau akwai gidaje a Agege da Idi-Araba da Obalende waɗanda a nan aka haifi kakanninsu. Duk da haka za ka ji mutumin da ya shekara ashirin da biyar a ɗaki ɗaya yana cewa ba zai shuka ba tunda ba zama ya zo yi ba, alhali alayyafo cikin wata guda ko ɗan fiye da haka yake isa yanka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu ne muka fi kowa sanin yadda abincin garin nan yake rataye a zare. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Mile 12 da asuba ya ga tireloli suna sauke kwandunan tumatir da buhunan tattasai da albasa, ya san cewa tukunyar miyar Legas tana dogare ne da gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Filato da Sakkwato da Kabi, da kuma hanyar da ta kai kimanin kilomita dubu ɗaya. Idan wani abu ya taɓa gonar ko ya taɓa hanyar, a cikin kwana biyu uwargida za ta ji shi a Ketu, unguwar da ke maƙwabtaka da kasuwar. A 2016 tsutsar nan ta Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Arewa har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, kasuwannin Legas suka gane kurensu. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, komai ya bi shi, sannan a tsakiyar 2024 babban kwandon tumatir ya haura naira dubu ɗari. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta Bahaushen Legas ya sha wahalar da kowa ya sha, domin kasancewar ɗan'uwanka ne ke sayar da tumatir ba ya sa ya ba ka kyauta.

To, kada a ɗauka ina cewa buhu shida a bayan ɗaki zai raba mutum da Mile 12. Ba zai yi ba, kuma masu yaɗa irin wannan magana a kafafen sada zumunta, suna nuna hoton tumatir jajir a kan baranda kamar an warware matsalar yunwa, suna ɓata lamarin ne. Tumatir ɗin da muke sayarwa amfanin noman rani ne na ƙasa mai busasshiyar iska da sanyin hunturu, irin na Kadawa da Kura. Legas kuwa gari ne na laima da ruwa mai yawa, daminarsa tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni, ta ɗan sarara a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. A irin wannan yanayi tumatir yana saurin kamuwa da cutar da ke sa shi yaushi ya mutu a tsaye, ganyensa ya yi tabo, furensa ya zube. Albasa mai ƙwallo ma ba ta son wurin. Wanda ya fara lambunsa da waɗannan biyu, saboda su ne suka fi tsada a kasuwa, shi ne zai karaya da wuri ya ce ƙasar Legas ba ta da albarka.

Abin da garin yake so shi ne ganye, kuma a nan ne ribar take. Alayyafo da lalo, wanda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira ewedu, da yakuwa da rama da ugu da shuwaka da ɗaɗɗoya, duk suna jin daɗin wannan laimar da ke kashe tumatir. Lawashin albasa yana fitowa daga gindin da uwargida ta saba zubarwa. Shuwaka ba ta bukatar iri, reshe ake yankowa a soka a ƙasa. Kuɓewa tana fara 'ya'ya cikin kimanin wata biyu, attarugu yana daɗewa kafin ya fara amma idan ya fara yana jimawa yana bayarwa. Zogale idan aka sa shi a babban mazubi ana sare masa kai don kada ya yi tsawo, zai riƙa fitar da sabon ganye kusan duk shekara. Aikin kansa ba wani sirri ba ne ga wanda ya taso a karkara: a huda ƙasan buhu don ruwa ya tsiyaye, a ɗora shi a kan bulo ko duwatsu saboda ambaliya, a gauraya ƙasa da taki wanda ya riga ya ruɓe ya huce, domin ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi, sannan a ajiye shi inda rana ke samunsa aƙalla rabin wuni. Ƙwari kuma akwai toka da jiƙon ganyen darbejiya, waɗanda iyayenmu suka sani tun kafin a kawo maganin feshi. Taki ba abin wahala ba ne ga al'ummar da ke riƙe da cinikin dabbobi a Oko-Oba, inda kashin dabba ya zama kaya ana neman inda za a kai shi.

Me ya sa ganye yake da muhimmanci har a yi masa dogon rubutu? Saboda idan kuɗi ya yi ƙaranci a gida, ba tuwo ake fara ragewa ba, miya ce take tsinkewa. Magidanci zai yi duk yadda zai yi ya sayi masara ko shinkafa ko garin kwaki, amma kuɗin cefane shi ne ake tsukewa, sai a wayi gari yara suna cika ciki da abinci marar ganye marar nama mako bayan mako. Ganyen da ake tsinka a bakin ƙofa ba ya jiran ranar albashi, ba ya jiran ciniki ya yi kyau, kuma ba ya yin yaushi a rana a kan tebur. Ga mai jego da yaro mai tasowa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma ɗan abin da ba a iya sa wa farashi, wato mutum ya sha miyar yakuwa ko ya ci kwaɗon rama da zogale a lokacin da ransa ya so, a garin da wani lokaci sai ka zagaya kasuwa kafin ka sami mai sayar da su.

Wani zai ce ai wannan karya kasuwar 'yan'uwanmu ne masu sayar da kayan gwari. Ban ga haka ba. Abin da tirela ke kawowa daga Arewa, wato tumatir da tattasai da albasa da karas da kabeji, shi ne dai abin da buhu ba zai iya bayarwa da yawa ba. Ganyen miya kuwa ba ya jure doguwar tafiya, galibinsa daga kewayen Legas da jihar Ogun yake fitowa, wani ma daga cikin garin, domin duk mai bin hanyar Iba da wajen Ojo ya ga fadamun latas da alayyafo a gefen titi, kuma da yawa daga cikin masu noma su mutanenmu ne. Su waɗannan sun riga sun nuna cewa ƙasar tana karɓar hannun Bahaushe.

Wannan tunani na ci-rani bai tsaya a kan shuka ba, ya cinye mana sana'o'in hannu ma. Na taso na ga maza a zaure da gindin bishiya suna hira hannunsu na kan ɗinkin hula, ɗalibai a makarantar allo suna yin aikin wuyan riga tsakanin karatu da karatu, mata a tsakar gida suna saƙar faifai da mafici da hular jarirai. Ba wanda yake kiran wannan aiki da wani babban suna, abin da hannu ke yi ne yayin da baki ke magana. A Legas kuwa ina ganin samarinmu masu gadi a Lekki da Ikoyi da Magodo suna zaune a bakin ƙofa awa goma sha biyu, babu abin da ke hannunsu sai waya, kuma kuɗin datar daga cikin ɗan albashin yake fita. Ina ganin matan aure a ɗaki ɗaya daga safe har dare, nesa da dangi, ba gona ba dabba ba surfe, kaɗaici yana cin su. Bayan da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ta kuma ƙara wasu daga baya, matasa da yawa sun zauna hannu rabbana na tsawon lokaci. Ba na cewa ɗinkin hula zai maye gurbin babur, domin hula ɗaya mai kyau tana cin makonni kuma ladanta bai kai wahalarta ba idan aka lissafa da awa. Abin da nake cewa shi ne lokacin zaman an riga an yi asararsa, saboda haka duk abin da allura ta fitar a cikinsa riba ce, kuma hankalin mutumin da hannunsa ke aiki ya fi kwanciya. Kasuwa ma tana nan, tunda hular Arewa ta daɗe da shiga kan 'yan Kudu, musamman 'yan siyasa da masu zuwa biki.

Sana'ar hannu da lambun buhu suna haɗuwa a wuri ɗaya, wato wajen mayar da abin da aka yar ya zama abin amfani. Legas tana fitar da shara fiye da tan dubu goma a kullum, kuma wanda ya bi ta Ojota ya shaƙi warin jujin Olusosun ba ya bukatar a gaya masa. Abin lura shi ne yaranmu ne 'yan bola jari da ke tsince wannan shara suna sayar wa wasu, amma ba mu cika tunanin abin da za mu iya yi da ita a gida ba. Buhun da ya gama aiki mazubin shuka ne, jarkar da ta fashe haka, igiyar da aka warware daga buhu tana zama ragar da ugu zai hau ya rufe katanga ya ba da inuwa. Ledar ruwan sha da ke toshe magudanai akwai matan da ke wanke ta su saƙa jaka da tabarma da ita. Ɓawon doya da na ayaba da ragowar ganye, idan aka tara su a rufaffen bokiti da ɗan garin katako, taki ne.

Akwai matsaloli na gaske, kuma ba zan ɓoye su ba. Ta farko mai gidan haya, wanda yake tsoron laima ta ci masa bango ko kuma yana ganin mai shuka yana neman kafa iko ne a filinsa. Wannan ana magance shi da magana tun kafin a fara, da janye buhunan daga jikin bango, da kuma ɗan damin ganye da za a riƙa aika wa iyalinsa. Sai sauro, wanda ba shuka ce ke kawo shi ba, ruwan da ya kwanta ne, don haka dole a rufe duk mazubin ajiyar ruwa. Sai ɓeraye da dodon koɗi da awakin maƙwabta. Wadda ta fi damuna ita ce ta tsabta. Ganyen da aka shayar da ruwan kwata, ko aka shuka a mazubin da aka taɓa zuba fenti ko baƙin mai ko sinadari, ko a ƙasar da aka ɗebo daga gefen garejin kanikawa da wurin ƙona tayoyi, yana iya zama cuta maimakon magani, musamman wanda ake ci ɗanye kamar latas. Gara mutum ya bar shukar da ya ciyar da 'ya'yansa irin wannan.

Maganar ruwa ce ta kai ni ga abin da nake ganin ya fi sauƙin farawa. A unguwannin da ake sayen ruwa a wajen 'yan ga-ruwa, ba hankali ba ne a ce wa talaka ya sayi jarka don ya shayar da alayyafo. Amma da damina ruwan indararo ya ishi kowa, da rani kuma akwai ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye da ake watsarwa. Sannan a kowane masallaci na unguwanninmu, sau biyar a rana, ruwan alwala yana gangarawa kwata, ruwa ne da ba sabulu a cikinsa, ba abin da ya taɓa sai fuska da hannu da ƙafa. Da za a ja shi da ɗan bututu zuwa jerin buhuna ko wani ɗan fili a gefen masallaci, da ladan da almajirai da maƙwabta sun sami ganyen miya duk shekara. Malamai sun sha karanta mana hadisin da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare ta, an rubuta masa ladan sadaka, kuma hadisin bai ware ɗan haya ba. Makarantun Islamiyya ma suna iya ware awa ɗaya a mako a koya wa yara saƙa da ɗinkin hula da renon shuka, domin yaron da aka haifa a Idi-Araba yana iya girma bai taɓa ganin yadda kuɓewa ke fitowa ba, alhali kakansa da ita ya biya haraji. Sarakunan Hausawa na unguwanni, waɗanda ake zuwa wajensu idan an yi rikici, su ne suka fi dacewa su nema wa jama'a izinin amfani da filayen da ke zaune ba a gina ba, a rubuce, don kada a wayi gari an rushe wa mutum wahalarsa.

Gwamnati kuwa ina da magana biyu da ita. Kiran a yi lambu a gida ba sabo ba ne, gwamnatin Janar Obasanjo ta yi shi a 1976 a ƙarƙashin shirin Operation Feed the Nation, kuma a 2024 uwargidan shugaban ƙasa ta sake ɗaga shi da gasar lambun gida. Gasa tana da kyau, amma wanda ke da fili da famfo a gidansa ne zai ci ta, ba Inna mai buhu shida ba. Abin da ya sa noman cikin gari ya kama a Habana ta ƙasar Kuba bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991 shi ne hukuma ta ba mutane filayen da ke zaune, ta samar da iri da taki da malaman gona. Legas ita ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, kowane taku na fili yana da mai shi da mai kwaɗayinsa, saboda haka idan ba a ba ƙaramin manomi tabbacin cewa ba za a kore shi kafin ya girbe ba, kiran zai tsaya a rediyo. Magana ta biyu ta fi nauyi. Kada lambun buhu ya zama mayafin da za a rufe ainihin ciwon da shi. Abinci ya yi tsada ne saboda manomi a Zamfara da Katsina da Neja da Binuwai yana tsoron zuwa gonarsa, saboda takin zamani da man ban-ruwa sun fi ƙarfinsa, saboda direban tirela yana biyan kuɗi a shingaye barkatai kafin ya iso Mile 12, kuma wani kaso mai yawa na tumatir ɗin yana ruɓewa a hanya. Shugaban da ya ce wa talaka ya shuka a bayan ɗaki, sannan ya bar waɗannan yadda suke, ya sauke nauyinsa ne a kan wanda bai da wuyan ɗauka.

Ni dai na fara da buhu uku a watan da ya biyo bayan maganarmu da Inna, kuma saboda taurin kai na sa tumatir a biyu daga ciki. Sun yi kore shar, sun yi fure, sannan wata safiya na tarar da su sun langaɓe kamar an zuba musu ruwan zafi. Inna ta leƙo ta ce, “Ɗana, ai na gaya maka, wannan ɗan hutu ne, ba ya son garin nan.” Ta ce in zubar da ƙasar gaba ɗaya kada cutar ta kama na gaba, ta ba ni irin yakuwa a ƙullin leda da reshen shuwaka biyu. Yanzu buhunan sun zama biyar, mai gidan ya ce kada su wuce haka, irin rama kuma na aika wa ƙanena a Kano ya ba wani direban tirela da ke sauke kaya a Mile 12 ranar Talata.